Fada, laifi ne a yi tafi idan an tashi Mas?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ni ce nake jagorantar mawaƙa a Mas na Hausa a cocinmu da ke wajen Samaru. Kwanan nan wata al'ada ta shigo mana: da zarar mun kai ƙarshen waƙar fita, sai jama'a su ɓarke da tafi, wani lokaci har da guɗa. Wani dattijo a kwamitin coci ya ce zunubi ne, wai mun mai da ɗakin Allah gidan wasa. Matasa kuwa sun ce ai Zabura ma ta ce a tafa. Ni dai ba zan ɓoye ba, tafin yana yi mana daɗi, don muna shan wahala wajen koyon waƙa. Me Ikilisiya ta ce?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ke da mawaƙanki. Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali: ba zunubi ba ne. Ki duba kundin dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983, ki duba ƙa'idojin da ke farkon littafin Mas, ba za ki ga inda aka ambaci tafi aka haramta shi ba. Baba dattijo ya ɗora wa maganar nauyin da ya fi ƙarfinta. Amma kada ki yi saurin kai wa matasa albishir. In ra'ayina kike nema, tafin da ake yi muku bayan waƙar fita bai dace ya zama abin kowace Lahadi ba, kuma dattijon nan ya hango wani abu da ya kamata ku saurara.

Mu fara da yadda Mas yake ƙarewa. Ƙa'ida ta 90 a littafin Mas ta lissafa abin da ke cikin rufewa: gajeriyar sanarwa in akwai bukata, gaisuwa da sa albarka, sallamar jama'a, sai firist ya sumbaci bagadi ya rusuna. Ke nan. Waƙar fita ma ba ta cikin jerin, al'ada ce mai kyau da muka saba da ita. Saboda haka idan wani saurayi mai wayo ya ce miki ai tun da Fada ya sallame mu muka amsa da godiya ga Allah, Mas ya riga ya ƙare, kada ki yi masa musu, gaskiya ya faɗa.

Sai dai ƙarewar Mas ba ta mai da coci fili. Jan fitilar nan da ke kusa da akwatin da ake ajiye Jikin Almasihu tana nan tana ci. Mutanen da suka karɓi Jikin Ubangiji, ba a fi 'yan mintoci ba da suka dawo kan bencinsu. Ranar Lahadi mai zuwa, in kin ɗaga hannu kin tsai da waƙa, ki ɗan waiwaya ki dubi cikin coci. Za ki ga wata uwa ta koma kan gwiwa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, rosari a hannu. Wataƙila ɗanta na kwance a Shika, daga nan asibiti za ta wuce da kwanon abinci. Wataƙila ɗakinta ɗaya da 'ya'ya biyar, mako guda cur ba ta da wani wurin da za ta yi shiru da Allah sai nan. Tafin naku a kanta yake sauka. Doka ta 1210 ta ce abin da ya shafi sujada da ibada da addini ne ake yi a wuri mai tsarki, kuma a guji abin da bai dace da tsarkin wurin ba. Ƙa'idojin Mas kuma sun yi ta maimaita maganar shiru: bayan wa'azi, bayan karɓar Jikin Almasihu, har ma kafin a fara, a cikin coci da ɗakin sa tufafi. A cocin da ake Mas biyu ko uku a jere, na Hausa da na Turanci, ƙarshen naku shi ne lokacin shirin masu shigowa.

To, maganar Zabura fa? Matasan ba su yi ƙarya ba. Zabura ta 47 ta kira dukan al'ummai su yi tafi su yi sowa ga Allah. Zabura ta 98 ta ce koguna su tafa, Ishaya 55 ya ce itatuwan jeji za su yi tafi. Amma su karanta ayar har ƙarshenta su ga wa ake yi wa. Allah ake yi wa. Kuma irin wannan tafin muna yinsa kowace Lahadi, babu wanda ya hana. In matan Zumunta suka ɗauko tulu da caki suka tayar da waƙar baiko, coci duka ya kama tafi a kan kiɗa, tsoho da yaro, wannan addu'a ce da hannu. Babban taron Vatikan na biyu, a takardarsa kan sujada ta 4 ga Disamba 1963, ya ce jama'a su shiga sujada da amshi da waƙa da motsin jiki, su kuma yi shiru a lokacin da ya dace. Ya ce a girmama kiɗa da waƙar al'ummai a ƙasashen da bishara ta iso daga baya, a ba su wurinsu. A 1988 Roma ta amince wa Kwango, wadda ake kira Zayar a lokacin, da tsarinta na yin Mas, mai rangaji da kiɗan gargajiya, kuma Fafaroma Francis ya yi Mas da wannan tsari a cikin babban cocin Bitrus a ranar 1 ga Disamba 2019. Don haka kada kowa ya zo ya ce miki tsit irin na cocin Jamus shi kaɗai ne Katolika. Ba haka ba ne.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe su. Tafin yabon Allah yana tafiya tare da waƙa, in waƙa ta tsaya ya tsaya. Ɗayan kuwa sai waƙa ta mutu yake tashi, ba shi da kiɗa, kuma in kin lura, kawunan mutane juyowa suke yi wajen bencin kwaya, wato mawaƙa. Idanu su ke gaya miki wanda ake yi wa.

A kan wannan na biyun ne Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya yi maganar da masu adawa da tafi suke yawan jawowa. A littafinsa kan ruhun sujada, wanda ya fito a 2000, ya ce duk inda tafi ya ɓarke a cikin sujada saboda bajintar ɗan adam, alama ce cewa ainihin sujadar ya gushe, nishaɗi mai rigar addini ya maye gurbinsa. Magana ce mai zafi. Amma ki lura da abu biyu. Ya ce saboda bajintar ɗan adam, bai ce kowane tafi ba. Kuma littafi ne na masanin tauhidi, ba doka ba ce, ko da yake masanin ba ƙarami ba ne. A wannan babin dai ya yaba irin tafiyar rangaji ta Habasha da ta Kwango, ya ce ta dace da martabar sujada. Namu na gida, Kadinal Francis Arinze, wanda ya shugabanci ofishin Vatikan mai kula da sujada daga 2002 zuwa 2008, shi ma ya sha faɗa cewa ba kallon mutane ko tafa musu ke kawo mu Mas ba, Allah muka zo yi wa sujada. Ba wanda zai ce Arinze bai san ganga ba.

Mu mutanen Zariya bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Ki je fadar Zazzau ranar hawan Daushe. Masu algaita da masu tambari da maroƙa duk gwanaye ne, amma in maroƙi ya zuba kirari mai ratsa jiki, ba wanda zai juya wa Sarki baya ya shiga yi wa maroƙin jinjina. Gwanintarsa ita ce ya sa ido ya koma kan mai gidan. Ana ba da labarin Fafaroma Pius na 10 cewa ya hana a tafa masa a cocin Bitrus, yana cewa bai dace a tafa wa bara a gidan ubangidansa ba.

Kada ki ɗauka rigimar ta zamani ce, ko matasan Samaru ne suka ƙirƙiro ta. Ta girmi kakanninmu. Waliyyi Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya wanda ya rasu a 407, mai wa'azi ne da har aka yi masa laƙabi da mai bakin zinariya, kuma jama'arsa sun saba katse shi da tafi. A ɗaya daga wa'azozinsa kan Ayyukan Manzanni ya buɗe musu cikinsa. Ya ce in ana tafa masa, a lokacin yakan ji daɗi, shi ma mutum ne, amma in ya koma gida ya tuna cewa masu tafin ba su tafi da komai ba, sai baƙin ciki ya kama shi. Ya ce yana tunanin kafa doka a daina tafi a coci, a saurara cikin natsuwa. Kin san abin da jama'a suka yi da jin haka? Suka tafa masa. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa jin daɗin da kika ambata ba abin kunya ba ne, waliyyi ma ya ji shi.

Na Waliyyi Agustin ya fi taɓa ni, shi da yake ɗan Afirka ne. Wajen shekara ta 418 ya je wani gari mai suna Kaisariya, a ƙasar da take Aljeriya a yau. Mutanen garin suna da wata muguwar al'ada: kowace shekara sukan rabu gida biyu su yi kwanaki suna jifan juna da duwatsu, wa da ƙane, uba da ɗa, har a rasa rayuka. Agustin ya hau ya yi musu wa'azi da duk ƙarfinsa. Suka yi ta sowa suna yaba masa. Ya rubuta daga baya cewa da ya ji sowar bai ɗauka ya yi wani abu ba, sai da ya ga sun yi tsit hawaye na zuba, sannan ya san maganar ta shiga. Ya ce shekara takwas ko fiye suka wuce ba a sake wannan faɗan ba. Ke da kike zaɓar waƙa, wannan labarin naki ne. Ranar da kuka yi waƙar karɓar Jikin Almasihu kuka gama, coci ya yi shiru har ana jin ƙarar fanka, ranar kun yi aikinku fiye da ranar da aka yi muku guɗa.

Duk da haka, ba na cikin masu cewa kada a taɓa jin tafi a coci. Akwai inda yake da wurin zama. In kin taɓa halartar keɓe firistoci a babban cocinmu na Kristi Sarki a Sabon Gari, kin ga lokacin da bishop yake cewa, da taimakon Allah, mun zaɓi waɗannan 'yan'uwa namu domin aikin firist. Littafin ya ce jama'a su amsa da godiya ga Allah, ko su nuna amincewarsu ta wata hanyar da aka yarda da ita a ƙasar. A wurare da yawa tafi ake yi, mu kuma mata su ƙara da guɗa. Wannan ba ladan gwaninta ba ne, don saurayin bai yi komai ba tukuna, tsayawa kawai ya yi ya ce ga ni. Jama'a ne ke cewa mun yarda, mun gode wa Allah da ya kira shi. Haka in an ɗaura aure, ko an yi wa manya baftisma daren Ista, ko tsofaffi sun cika shekara 50 da aure. Hatta a jana'izar Fafaroma John Paul na 2, ranar 8 ga Afrilu 2005, jama'a sun yi ta katse wa'azi da tafi a dandalin Bitrus, kuma mai wa'azin ranar shi ne Ratzinger ɗin nan dai. Abin da ya zo daga zuciya sau ɗaya a babbar rana daban yake da abin da aka mai da shi ka'ida.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi damuna, kuma ba ku mawaƙa ba ne. Tafin da ya fi ɓarna a cocinmu shi ne na kuɗi. Kin san yadda ake yi lokacin godiyar kaka ko tara kuɗin gini. Mai sanarwa ya riƙe lasifika: wane ya ba da buhun siminti hamsin, a tafa masa da ƙarfi! Wance ta ba da dubu ɗari, mata ina guɗa? Sai a zo kan manomin da ya taso daga ƙauyen Giwa ko Ikara da tiya biyu ta masara a ƙullin buhu, a ambaci sunansa a gurguje, hannu biyu ko uku su ɗan taɓa juna. Kowa a cocin ya ji bambancin, shi ma ya ji. Tafi ya zama ma'auni, ana auna mutane da shi a gaban bagadi. Ubangiji kuwa, a Markus 12, da ya zauna yana kallon masu zuba baiko, gwauruwar da ta jefa anini biyu ya nuna wa almajiransa. A Matiyu 6 ya ce mai ba da sadaka kada ya busa ƙaho, wanda ya nemi yabon mutane ya riga ya karɓi ladansa. Bishop-bishop na Najeriya, a wasiƙar da suka fitar a watan Agusta 2024 kan abubuwan da ke ɓata sujada, sun ambaci yawan karɓar baiko da tara kuɗi a tsakiyar Mas a cikin abin da suke so a daina. In Baba dattijo yana neman inda zai sa ƙarfinsa a kwamiti, ga wurin.

Kuma a faɗi gaskiya, sau da yawa ba daga benci abin yake farawa ba, daga bagadi ne. Wasunmu firistoci sun saba kafin sa albarka su jero: a tafa wa kwaya, a tafa wa yaran bagadi, a tafa wa masu karatu, ku tafa wa kanku da kuka zo. Jama'a abin da aka koya musu suke yi. Matar da ta zo ranar Asabar ta share cocin ta goge benci, da katikis da ya taka keke zuwa ƙauye ya kai wa mara lafiya addu'a, su ba a gan su ba, ba su cikin jerin.

Akwai kuma illar da zai yi muku ku kanku, wadda ba za ki gani yanzu ba. In tafi ya zama na kullum, ranar da ba a yi ba sai ya zama hukunci. 'Yan kwayarki za su fita suna tambayar juna, yau me muka yi? Sannu a hankali za ki tarar kina ajiye waƙar da ta dace da karatun ranar kina ɗauko wadda ke tayar da coci. Mai fiyano ya ƙara salo, mai solo ta ƙara jan murya. To in azumi ya zo fa? Ranar Jumma'a Mai Kyau littafin cewa ya yi kowa ya fita shiru, ko waƙar fita babu. Wani babban bishop a ƙasar Filifin, Socrates Villegas, ya rubuta wa jama'arsa a watan Fabrairu 2020 yana roƙon su yi azumin tafi a coci a lokacin azumin shekarar, da fatan abin ya zarce. Dabara ce mai kyau, don ba ta zagi kowa ba.

Na san abin da ke ranki: yabon gwani ya zama dole. Haka ne, kuma kun cancanta. Na san abin da ake ciki: koyon waƙa da yamma bayan an taso aiki ko lacca, ba wuta, ana haska takarda da fitilar waya, sannan a nemi abin hawa a koma gida da dare da kuɗin aljihu. Cocin da bai gode wa irin waɗannan ba ya yi butulci. Amma godiya tana da ƙofofi da yawa. A tsaya a waje bayan Mas a gaishe ku, a nan ko ganga aka kawo ba laifi. A ware ranar Waliyyiya Sisiliya, 22 ga Nuwamba, wadda Ikilisiya ta ɗauka uwar mawaƙa, a yi muku addu'a ta musamman, a ci a sha. In an shirya gasar waƙa ko daren waƙoƙin Kirsimeti, a tafa har hannu ya yi zafi, don wannan ba Mas ba ne. Kwamiti ya sayi littattafan waƙa, ya gyara lasifika, ya ɗauki kuɗin man janareta ranar koyo. In kuma Fada yana so ya gode muku a bainar jama'a, sau ɗaya ko biyu a shekara, wurinsa lokacin sanarwa ne, bayan addu'ar da ke biye da karɓar Jikin Almasihu, a taƙaice.

Abin da zan ba ki shawara ki yi shi ne wannan. Kada ki ɗauki lasifika ki tsawata wa jama'a, ba hurumin ki ba ne, kuma mutanen da ƙauna suka yi. Cocinmu a nan taron dangi ne: Hausawa, mutanen kudancin Kaduna, Ibo, Tibi, Idoma, ɗalibai daga ko'ina, kowa da abin da ya saba a gida. Wanda aka kunyata kan tafi ba lallai ya dawo ba. Ki sami Fadanku a ofis ki gaya masa yadda kuka gani, shi ya san yadda zai yi bayani a wa'azi. In ana son ƙa'ida ɗaya ga dukan cocin dayosis, wannan na bishop ne: doka ta 838 ta ba shi ikon tsara al'amuran sujada a yankinsa, kuma in Bishop Habila Daboh ya faɗi yadda yake so, magana ta ƙare, ko ta yi daidai da ra'ayina ko ba ta yi ba.

A naku ɓangaren akwai abin da za ku iya tun wannan Lahadi ba tare da kun ce wa kowa uffan ba. Kada ku rufe waƙar fita da dogon kiɗa mai tashi sama ya faɗo dim, irin wannan rufewar kiran tafi take yi. Ku sauke baitin ƙarshe a hankali, mai fiyano ya ci gaba da taɓawa ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci, ku kuma gaba ɗayanku ku juya wajen bagadi ku durƙusa ku yi addu'arku ta godiya. Da wuya mutum ya tafa wa wanda ke kan gwiwa. In wasu sun tafa duk da haka, kada ku ɗaga hannu ko ku rusuna musu, kada kuma ku ɓata fuska.

Shi kuma Baba, ki je har gida ki gaishe shi, ki tafi da mutum biyu daga cikin matasan. Ki ce masa kun ji maganarsa kuma kuna gyarawa, sannan cikin ladabi ki roƙe shi ya janye kalmar zunubi, don akwai yaran da za su ɗauke ta da gaske su kai ta wurin furta zunubi.